Ranar da Dirona Ya Firgita Garken Shanu

Akwai wata Asabar ta ƙarshen kaka wadda ko tsufa ya kwashe mini komai daga ƙwaƙwalwa, ina jin ita za ta rage. Shekaru sun wuce, amma har yau idan na tuna yadda saura ƙiris a zubar da jini a wani ƙauye saboda abin wasana, sai in sauke ajiyar zuciya in ce alhamdu lillahi.

Ni mai gyaran waya ne a Ƙauran Namoda. Tun ina yaro Allah ya jarabce ni da son kwance abu in ga cikinsa, rediyon mahaifinmu ma bai tsira ba. Wata shekara yayana da ke aiki a Abuja ya zo hutun sallah da wani ɗan jirgi mai farfela huɗu da kyamara a ƙasan cikinsa, irin wanda ake ce wa diron. Faɗowa ya yi ya daina tashi, yayan nawa ya ce in na iya tayar da shi, ya zama nawa. Kwana tara na yi a kansa. Ranar da ya ɗaga ya tsaya cak a saman gidanmu, matata ta ce ba ta taɓa ganin haƙorana a waje haka ba, ko ranar ɗaurin aurenmu.

Daga nan ya zama abin shaƙatawata. Duk yammacin Juma'a sai in rufe shago in tafi bakin gulbin Gagare, ko bayan tashar jirgin ƙasa, in maƙala waya a jikin rimot in tashe shi. Wanda bai taɓa ganin garinsu daga sama ba, ba zai gane daɗin abin ba. Ka ga lungun da ka yi shekara talatin kana bi, ashe a karkace yake. Ka ga gulbi yana lanƙwasa kamar igiyar da aka yar. Manya sun sha ja mini kunne, domin a yankinmu duk abin da ya yi shawagi a sama yana faɗar wa mutane da gaba. Nakan ce to, in rage nisan da yake yi, amma a raina gani nake abin wasa ba ya cutar da kowa.

Ina da wani taubashi, ɗan kawuna, da ke zaune a wani ƙauye gaba da Sakajiki. Manomi ne, amma farauta ce a jininsa, domin kawun namu tsohon maharbi ne da ake ji da shi a duk ƙauyukan wajen. Wata ranar kasuwa taubashin ya zo shagona, na nuna masa hotunan gulbi ina ta fahariya. Ya kalla, ya kalle ni, ya girgiza kai.

“Kai dai ka iya ɓarnar basira,” in ji shi. “Abu yana ganin ƙasa duka, ka tsaya kana ɗaukar hoton rairayi? Mu sai mu yi wuni biyu daji muna bin sawu. Kawo shi ran Asabar, ka gano muna inda gada take kwance, sauran aikin na karnuka na.”

Na ce, “Kawu ya san da maganar?”

Ya ce, “Ina ruwan tsoho da wanga? In ya ga nama gaba nai, ci za shi yi.”

Na yi dariya na amsa. Da ina da hankalin da nake da shi yanzu, da ɓoye wa Kawu ɗin nan kaɗai ya ishe ni in gane akwai lauje cikin naɗi. Amma a lokacin ba abin da nake hange sai ranar da zan zauna a majalisa ina ba da labarin na kama gada ko ƙaya ba ta soke ni ba.

Ranar Asabar da sassafe na ɗaure jakar diron a bayan mashin na kama hanya. An riga an cire gero, amma dawa tana tsaye, ta nuna, saura kwanaki a yanke. Saboda haka ba a saki gonaki ga masu kiwo ba tukuna. Ban shiga cikin ƙauyen ba, taubashin ya tare ni a bayan gari da karnukansa biyu da gorarsa a kafaɗa. Muka ɓoye mashin cikin sabara, muka hau wani ɗan tudu da ke kallon wata busasshiyar ƙorama mai duhuwar geza da ƙirya.

Ko minti goma ba a yi ba na same ta. Tana kwance a ƙarƙashin wata duhuwa, ja-ja-ja da ita, ta naɗe ƙafafu. Wanda ke tafiya a ƙasa zai iya wuce ta da taku biyar bai gan ta ba. Na nuna wa taubashi, ya riƙe baki. Ya gangara da karnuka, ni kuma na sa wayarsa a layi ta wata ƙaramar waya da ke aljihuna, ina gaya masa inda zai bi. Da na ga sun kusa, sai na sauko da diron dab da duhuwar. Ƙararsa kamar ta taron ƙudan zuma ce da aka taɓa wa amya. Gadar ta yi tsalle ta fice.

Abin da ya biyo baya, a lokacin daɗi ya yi mini, yanzu kuwa kunyarsa nake ji. Ta shiga wani surƙuƙi ta lafe, na gan ta, na sauko mata. Ta faɗa wani kwazazzabo, na gan ta. Ta yi dabarar komowa baya ta bi ta cikin sawunta, karnuka suka ruɗe suka wuce, ni na ce, “Ta koma hagunka, juyo da su!” Sau huɗu tana ɓuya, sau huɗu ina tona ta. A na ƙarshe na jawo hoton kusa, na ga haƙarƙarinta yana sama yana ƙasa, bakinta a buɗe. Wani abu ya ɗan taɓa mini zuciya, amma taubashi yana ta ihu a waya, “Ina take? Ina take?” Sai na danne abin na ci gaba.

Ta tsallaka ƙoramar ta nufi wani fili. Na bi ta ƙasa-ƙasa da duk gudun da diron yake iya yi, idona a kanta kaɗai. Ban ankara ba sai na ga ƙahoni sun cika fuskar wayar. Na yi maza na ɗaga shi sama, sai a lokacin na ga abin da na yi. Garken shanu ne, farare, sun fi arba'in, suna kiwo a filin, na ratsa ta saman kawunansu. Suka watse a guje, wutsiya a sama, sannan suka haɗu suka nufi waje guda. A wajen kuwa gonar dawa ce. Na ga wani dattijo da sanda da malafa yana gudu ya sha gabansu, yana ɗaga hannuwa. Wata saniya ta bangaje shi ya faɗi. Shanun suka afka gonar, karan dawa yana kwanciya a gabansu kamar ana shimfiɗa tabarma.

Gadar ban ma san inda ta bi ba.

Na dawo da diron. Taubashi ya hauro tudun yana haki, na nuna masa abin da kyamara ta ɗauka, domin tun tashinsa take naɗa. Da ya gama kallo ya ce, “Naɗe kayanka. Babu wanda yag gane mu. Mu zagaya ta bayan makaranta mu shiga gida kamar yanzu kaz zo.”

Na bi shi. Ba zan yi ƙarya in ce na yi gardama ba. Abin da kawai na tsaya na tabbatar, dattijon ya miƙe da ƙafafunsa, domin na hango shi daga tudun yana ɗingishi yana kiran shanunsa. Na ce wa kaina ai shi ke nan, ɓarnar dawa ce, za su sasanta.

Ko da muka iso gidan Kawu, ƙauyen ya riga ya ɗauka. Maza suna fita a guje, wasu da sanduna, wasu da adda, mata sun leƙo ta katanga. Muka gaishe da Kawu a zaure, yana saka takalmi. Ya ce an kamo wani bafulatani ya saki shanu a gona da rana tsaka, an kai shi ƙofar gidan mai gari. Ya kalli jakata, ya kalli karnukan da harshensu ke waje. Ya ce mu taho.

Ƙofar gidan mai gari ta cika. An zaunar da dattijon a ƙasa a tsakiya, goshinsa ya fashe, jini ya gangaro ya ɓata masa gemu. Mai gonar yana tsaye a kansa yana kukan dawarsa, mutum biyu suna riƙe da shi. Daga baya na ji cewa ɓarayin daji sun ɗauke ƙanensa a damina ta baya, kuma wannan gonar ce kaɗai ya iya nomawa bana saboda tana kusa da gari. Wato ba dawa kaɗai yake yi wa kuka ba.

Dattijon yana cewa, “Ranka shi daɗe, shekara talatin rugata tana nan. A tambayi kowa, shanuna sun taɓa cin karan wani? Wani abu na yas sauko daga sama yana kuka, shi yak kore su. Na tare su, ga abin da sunka yi min.”

Wani ya ce, “Daga sama! Aljani ke nan?” Aka yi wata irin dariya mara daɗi. Wani kuma daga baya ya ɗaga murya ya ce, “In ma gaskiya na, to jirgin mutanensu na, leƙen garinmu suke yi!” Nan take dariyar ta mutu. Na ji ana tayar da wasu mashina a gefe, samari suna cewa a tafi rugar a ga abin da suke ɓoyewa. Mai gari yana ta ɗaga hannu yana cewa a dakata, amma muryarsa ba ta wuce sahun gaba.

Taubashi ya matso ya riƙe mini hannu, ya raɗa mini a kunne, “Kada ka kuskura. In ka hiddo abin ga, cewa za su yi kai infoma na. Ba ka san yadda aka yi da infoma ba?”

Na sani. Kowa a ƙasarmu ya san abin da ake yi wa wanda aka zarga da kai wa ɓarayin daji labari. Baƙo ne ni a wurin mafi yawansu, ga jirgi mai kyamara a jakata, ga hoton gonakinsu da hanyoyinsu a cikin wayata. Na tuna matata da ’ya’yana biyu. Wallahi na yi niyyar yin shiru. Har na fara ja da baya.

Abin da ya tsayar da ni ba jarumta ba ce. Dattijon ne ya juya ya ga masu mashinan, sai ya daina kare kansa. Ya ce, “Ku yi min abin da za ku yi nan. Rugar ba kowa sai mata da ƙanana. Don Allah ku yi min nan.” Muryarsa ba ta ko rawa. Na ji kamar an zuba mini ruwan zafi a baya. Ban san lokacin da na fizge hannuna ba, sai dai na ji bakina yana cewa, “Ranka ya daɗe, gaskiya ya faɗa. Ni ne.”

Sai da na faɗa sau uku kafin a ji. Aka buɗa mini hanya, na durƙusa gaban mai gari, na zuge jaka na fito da diron na ajiye a ƙasa. Mutane suka ja baya kamar na ajiye maciji. Na ji kalmar nan da nake tsoro ta fara yawo a bayana. Sai na ji an dafa kafaɗata. Kawu ne. Ya ce, “Ɗan ƙanwata na. Gyaran waya shika yi Ƙaura. Wauta gare shi, amma ba ɓarawo ba na. A bari shi yi bayani, in ya yi ƙarya ni zan fara kai mai hannu.” Taubashi ma, Allah ya saka masa, ya fito ya durƙusa kusa da ni ya ce shi ya kawo shawarar.

Na miƙa wa mai gari wayar. Ya sa tabarau, liman ya matso, aka kawo mai gonar. Na kunna musu. Suka ga gada tana gudu, suka ga ƙahoni, suka ga shanun suna kiwonsu nesa da gona kafin in ratsa su. Suka ga dattijon yana gudu ya sha gaban shanunsa don ya kare dawar wani, suka ga ya faɗi. Mai gonar ya ce a maido baya. Aka maido, ya sake kallo har ƙarshe.

Ya cakumi wuyan rigata ya ɗaga ni tsaye. Na rufe ido ina jiran mari, kuma da ya mare ni da ban ga laifinsa ba. Sai na ji ya sake ni. Ya koma ya zauna daɓas a ƙasa, ya dafe kai da hannu biyu yana salati. Can ya ɗago ya dubi dattijon ya ce, “Baffa, da na ɗau alhakinka. Ka yafe min.” Dattijon ya ce, “Ba komi. Ni ma da gonata ta, haka zan yi.”

A gefe na ji mashinan nan suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa jin shirun da ya yi mini daɗi irin wannan ba. Na zauna a inda nake.

Mai gari bai sallame ni haka nan ba. Ya sa aka duba duk abin da ke cikin wayar a gaban shaidu. Ban da hoton ranar, ba su ga komai ba sai gulbi, da layin dogo, da rufin gidanmu, da matata tana shanya tana ɗaga mini hannu in kawar da abin daga kanta. Wannan ya sa har liman ya murmusa. Aka yanke cewa ni da taubashi za mu tsince duk zangarniyar da shanu suka kwantar, mu ɗaure, mu kai gidan mai gonar, kuma mu tsaya masa har a gama yankan sauran. Diron kuwa kada ya ƙara tashi a ƙasar mai gari. Na ce na ji, na gode. Aka kira azahar, muka yi sahu guda, dattijon yana gefena da tsumma ɗaure a goshi.

Bayan salla na ɗauke shi a mashin zuwa ɗakin shan magani aka ɗinke masa goshin. Ina ta ba shi haƙuri, yana cewa ya wuce. Muna zaune a benci muna jiran a ba shi magani, sai ya taɓa ni ya ce, “Ɗana, ƙara nuna min abin nan.” Na ɗauka wurin faɗuwarsa yake so ya gani. Ashe shanun yake so. Ya sa na tsayar da hoton a daidai inda na ɗaga diron sama, ya kawo fuskarsa kusa, yana nuna su da yatsa ɗaya-ɗaya yana kiran sunayensu da Fulatanci. Ya ce, “Tun ina ƙarami nike bin su, ban taɓa ganin bayansu daga sama ba. Ashe haka suke da kyau.” Na juya kai don kada ya ga idona.

Kwana huɗu na yi a ƙauyen ina aikin gona, hannun da ya saba da ƙaramin sukudireba ya yi kanta ya fashe. Kawu bai ce mini uffan ba sai a rana ta uku, bayan la'asar, muna zaune a zaure. Ya ce in nuna masa tun daga farko. Ya kalli yadda na tashi gadar, da yadda take ɓuya ina tona ta. A wurin da ta komo ta cikin sawunta ya ce, “Kai, tsohuwa ta, ta san daji.” Da ya ƙare ya miƙo mini wayar.

Ya ce, “Wanga ba farauta ba ta. Na yi shekara hamsin daji, ranakun da nid dawo hannu wofi sun fi waɗanda nid dawo da nama. Kuma haka ya kamata shi zama. Allah ya ba ta hanci da kunne da ƙafa da wurin ɓuya, ni ya ba ni haƙuri. In ta fi ni, ta tafi, in na fi ta, na yanka da sunan Allah. Kai ka zo ta inda ba a ba ta ido ba, ka hana ta ko wurin numfashi. In kowa ya sayi irin abin ga, shekara biyu ba ka ƙara jin an ce an ga gada ƙasag ga.” Ya ƙara da cewa, “Kuma da ƙasa kake tafiya, da ka taka kashin shanu tun kafin ka kai ƙorama. Da ka ji kukansu, da ka gaisa da mai su. Wanda ke ƙasa ya san akwai mutane.”



Har yanzu ina tashin diron, na ma canza wani. Amma ban ƙara bin wani mai rai da shi ba, ko kan kaji ba na ratsawa. Inda duk zan tashe shi, sai na fara sallama da mutanen wurin, na nuna musu abin a hannu, in sun ce a'a in mayar jaka. Sau biyu wasu samari masu farauta suna zuwa shagona su ce in raka su daji da shi, nakan ba su kujera in ba su wannan labarin tun daga farko.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, iya yin abu daban, halaccin yinsa daban, kuma wasan da ya raba wani mai rai da duk wata hanyar tsira ya tashi daga wasa ya koma zalunci, ko da dabba aka yi wa. Na kuma gane cewa idan ɓarna ta fito daga hannunka, kowane minti da ka yi kana shiru, wani ne yake biya da jikinsa. Na ji tsoron faɗar gaskiya a ranar fiye da duk wani tsoro da na taɓa ji, amma da na haɗiye ta, da yau ina yawo da alhakin mutanen ruga guda a wuyana, ba wanda ya sani sai ni da Allah.